Tsohuwar Fijo a Adar: Daga Hannun Nasara Zuwa Sikelin 'Yan Gwangwan

A farkon shekarun 1980, mai neman mota mai araha a Tawa ta ƙasar Adar ba sai ya je Yamai ba. Ya samu inuwa a bakin hanya kawai, ya jira Nasara ya gaji. Daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da zafin hamada ke sauka, samari daga Faransa da Jamus da Beljiyam sukan gangaro daga Agadas cikin motocin da ƙura ta ɓatar wa launi, fuska ta ƙone, aljihu ya kusa ƙarewa. Motar da suka hau ita ce hajarsu. Da ɗan kuɗi kaɗan suka saye ta a ƙasarsu, inda ake mata kallon wadda ta gama aiki, suka sa ta a jirgin ruwa daga Marseille zuwa Aljeriya, suka bi ta Ghardaïa da In Salah har Tamanrasset. A lokacin, bayan Tamanrasset babu sauran kwalta. Kusan kilomita 400 ne na rairayi da tsakuwa zuwa In Guezzam, sai Assamaka, ƙofar shiga Nijar, sai wasu kimanin 200 kafin a hango Arlit.

Ba kowace ke kaiwa ba. Rairayin Laouni, kafin In Guezzam, ya yi suna da gawarwakin motoci, waɗanda masu wucewa ke kwance wa duk abin da ke kwantuwa har a bar ƙwarangwal. Wadda ta fito Arlit da ƙafafunta kuwa ta riga ta ba da shaidar kanta, mai saye ba ya neman wata. A Arlit dillalai ke fara tayi, a ƙara a Agadas, a ƙara a Tawa da Ƙonni, mai haƙuri ya zarce har Kwatano ko Lome. Abin da aka ba shi yakan ishe shi tikitin jirgin komawa gida, wani lokaci har da canji. Jamusawa sukan zo da Mercedes, amma abin da kasuwa ta fi so Peugeot ne, wato Fijo, 404 da 504.

Ragowar waɗannan motoci, da 'yan uwansu da suka shigo ta wasu ƙofofi, su ne ake gani yau a bayan garejojin Tawa an ɗora su bisa duwatsu, ko a hanyoyin kasuwannin ƙauye suna tafiya suna nishi. Duk mai irinta yana fama da tambaya guda: a gyara ko a sayar? Amsar ta sha canzawa cikin shekaru 50 da suka wuce, kuma ba ƙaunar mota ke canza ta ba. Hanya ce ke canza ta, da darajar sefa, da inda kayan gyara ke fitowa.

Mota ta riga waɗannan samari zuwa, ba shakka. A ƙarshen 1924 ayarin kamfanin Citroën, motoci 8 masu sarƙa a madadin ƙafafun baya, ya taso daga Colomb-Béchar ya ratsa Yamai da Tasawa da Damagaram, jama'a suka fito kallo. Kallon ne kaɗai rabon talaka. A zamanin mulkin Nasara mota ta kumandan ce da manyan kamfanonin ciniki, hanyar da take bi kuma da aikin dole aka share ta, aikin da ba a haramta ba sai 1946. Ba'adare mai zuwa fatauci ko ci-rani jakinsa yake korawa, ko ya bi ayarin raƙuma, ko ya taka da ƙafa har Sakkwato. Bayan samun mulkin kai a 1960 ne manyan motocin Berliet da Mercedes suka yawaita a hannun 'yan kasuwa, Land Rover ta zama ta jandarma da likitan dabbobi, kuma su ne suka kai hatsin agaji ƙauyukan da ba su da hanya a yunwar 1973 zuwa 1974 da ta 1984.

Kwalta kuwa yuraniyom ne ya kawo ta arewa. An fara haƙarsa a Arlit a 1971, wajen 1980 kuma aka kammala shimfiɗa hanya daga Tawa zuwa can, ta Tabalak da Abalak da Agadas, fiye da kilomita 600. Amma Takanamat, alal misali, ba ta kan wannan hanya. Tana arewa maso yammacin Tawa, inda gonakin hatsi ke ƙarewa makiyayar Azawak ke farawa, Tebaram a yammacinta, Tilliya a arewa. Motar da za ta ci abinci a wannan yanki dole ta iya rairayi da rani, ta iya laka da damina, ta ɗauki abin da aka ɗora mata ba gardama, in ta lalace kuma a iya tayar da ita a inda ta tsaya.

Nan ne Fijo ta yi zarra. 404 ta fito a 1960, 504 a 1968. Ƙafafun baya ke tura su, cikinsu a ɗage yake daga ƙasa, ƙarfensu kuma yana jure gargada. Wadda ta fi shiga ƙauye ita ce bashe, wato 404 mai buɗaɗɗen baya da rumfar tamfol. Kusan tan ɗaya aka ƙera ta ta ɗauka, amma abin da ake ɗora mata ranar kasuwa masu ƙirar ba su taɓa mafarkinsa ba: buhunan hatsi a ƙasa, mutane bisa buhuna, awaki a ɗaure a gefe, karen mota a maƙale a baya da ƙafa ɗaya. Makanikai suka ƙara mata ganyen sifirin, masu walda suka ɗaga mata ƙarafan gefe, ta ci gaba da tafiya. 504 mai dogon baya da layin kujeru uku ita kuma ta kama jigilar fasinja tsakanin manyan garuruwa.

Babban sirrin yana cikin injin. Bututun da fistin ke kai-komo a cikinsa ba a haɗe yake da gangar injin ba, zare shi ake yi. In ya cinye, sai a sayo sababbi huɗu da fistin ɗinsu da ringi, a zura, a ɗaure kai, injin ya dawo da ƙarfinsa ba tare da an kai shi wurin masu injin yankan ƙarfe a babban birni ba. Wutarta kwantak ne da kwandansa da fulogi. Manta kuma kafireto ke rabawa, wanda ake kwancewa a wanke cikin kwano da ɗan fetur, a busa da baki, a mayar. Makanike mai akwatin sifana guda da kunne mai kyau yana iya sauke wannan inji a ƙarƙashin bishiya ya tayar da shi. Yaron da aka kai koyon aiki yana ɗan shekara 12 yakan girma ya san kowane noti da ke jikinta, domin mota iri ɗaya yake gani safe da yamma.

A wancan zamani, ke nan, tambayar ba ta da wuya. A gyara.

Abin da ya ƙara sauƙaƙa amsar yana Kaduna. An kafa kamfanin Peugeot na Najeriya a 1972, ya fara harhaɗa motoci a Kakuri a 1975, har akwai lokacin da jiragen saman UTA ke jigilar sassan daga Lyon zuwa Kano. Bayan an kashe Janar Murtala Muhammad cikin Mercedes ɗinsa ranar 13 ga Fabrairun 1976, gwamnatin Obasanjo ta ɗauki tsarin rage ƙawa, 504 ta zama motar manyan jami'ai. Ƙasar da Fijo ta cika wa tituna dole ta samu kasuwar kayan gyara daidai da su, kasuwar kuma ga ta nan kusa. Daga Tawa zuwa Ƙonni bai kai kilomita 150 ba, a tsallaka Illela a faɗa Sakkwato, abin da ba a samu a can ba a same shi a Ƙofar Ruwa ta Kano. Rufe iyakar da Najeriya ta yi daga 1984 zuwa 1986 ya tsadar da kaya amma bai hana su shigowa ba, tunda jaki ba ya bi ta shingen duwan. Da naira ta fara zubewa daga 1986 kuwa, mai sefa a aljihu ya zama abin tarairaya a waɗannan kasuwanni.

Har talla kyauta ake yi mata. Gasar Paris-Dakar, wadda aka fara a Disambar 1978, ta sha ratsa Nijar, a ƙarshen shekarun 1980 Tawa na cikin zangunanta, kuma Peugeot ce ta cinye ta sau huɗu a jere, daga 1987 zuwa 1990. Motocin gasar ba su haɗa komai da bashen Takanamat ba sai hoton zaki a goshi, amma a wurin yaran tasha zakin ya isa hujja.

Cikin shekaru huɗu komai ya juye. Rikicin da ya ɓarke a Cintabaradan a Mayun 1990 ya buɗe ƙofar tawaye a arewa, ba a sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ba sai 24 ga Afrilun 1995. Aljeriya ta faɗa nata yaƙin daga 1992. Samarin Turai suka ɗauke ƙafa, hanyar Tamanrasset ta daina kawo mota. Sai a Janairun 1994 aka karya darajar sefa: faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma 100. Duk abin da ke zuwa daga Faransa cikin kwali, daga fistin zuwa famfon ruwa, kuɗinsa ya tashi, fifikon da mai sefa ke da shi a kasuwannin Najeriya ma ya ragu. Sabuwar mota ta fi ƙarfin kowa, sabon kayan gyara ma haka. Sai aka shiga zamanin yanka: a sayi matacciya a kwance ta don a raya mai sauran numfashi. Tun daga lokacin sayarwa ta samu ma'ana ta biyu, domin mai saye ba lallai hawa zai yi ba.

Ƙofar da ta maye gurbin hamada teku ce. Tsofaffin motocin Turai, waɗanda dillalan unguwar Heyvaert ta birnin Brussels ke tarawa, suka riƙa sauka a tashar jirgin ruwan Kwatano, a tuƙo su ta Paraku da Malanbil a tsallaka gada zuwa Gaya. Da yawa da sunan Nijar ake fitar da su daga tashar, amma Najeriya suka nufa ta Ƙonni da Maraɗi. Girman wannan ciniki ba ƙarami ba ne: hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga ƙananan motoci miliyan 14 da Turai da Amurka da Japan suka fitar tsakanin 2015 da 2018, kashi 40 cikin 100 Afirka suka zo. Kuma abin da jiragen suka fi saukewa ba Peugeot ba ne, Toyota ne. Starlet da Corolla suka kama tasi, HiAce ta ƙwace fasinjan 504, Hilux da Land Cruiser suka shiga dajin da bashe ke taƙama da shi, da ƙafafu huɗu masu ja da injin gazuwal mai ƙarancin sha. Kaduna ta ci gaba da harhaɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000, shekaru sama da 20 bayan Faransa ta daina yin ƙaramar, daga nan ita ma ta tsaya.

Yau lissafin a gareji ake yin sa, kuma yana da tsarinsa. Makanike ba ya fara cewa a sayar, tunda abincinsa ne. "Alhaji, injin nan bai mutu ba, ringi ne kawai da kulochi," haka zai buɗe magana. Sai an sauke a tarar kai ya tsage, lagireto na yoyo, giya ta uku tana fita da kanta. Dillali kuma yana gefe da tasa waƙar: "Maigida, rabu da ita tun tana tashi da makulli." Kowannensu gaskiyarsa yake faɗa, rabin da ya shafe shi.

Wanda ya daɗe a harkar ba inji yake fara dubawa ba, ƙarƙashi yake leƙawa. A Turai tsatsa ke kashe mota, saboda danshi da gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara. A Adar iska a bushe take, tsatsa ba ta da ƙarfi sosai. Abin da ke kashe mota shi ne gargada da lodi, waɗanda ke tsaga ƙarfen da ke riƙe da ita. Inji ana sakewa, giya ana sakewa, amma gangar da aka yi wa walda bisa walda har ta karkace ba ta da magani, taya kawai za ta yi ta ci. Bayan ƙarfe sai takardu. Motar da takardar duwan da katinta ke nan daram tana da wata daraja da ba a gani da ido, wadda babu su kuma ko injinta na kiɗa, iyakarta hanyoyin daji. Sannan a dubi aikin da take yi. Motar da ke zagaya kasuwannin mako tana maido da kuɗin gyaranta cikin 'yan watanni in Allah ya kiyaye, wadda ke kai maigida masallacin Juma'a kawai ba ta maido da ko dala.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne gyaran guntu-guntu. Yau jika 20, jibi jika 35, wata mai zuwa jika 50, ba wanda ke rubutawa, shekara ta zagayo an kashe abin da ya fi kuɗin motar kuma har yanzu sai an tura take tashi. Wanda ya tara kuɗi ya sauke inji gaba ɗaya sau guda ya fi shi riba nesa ba kusa ba. Amma kuskure na biyu ma yana nan, kuma ba a cika faɗinsa ba. Mutum ya sayar da motar da kowane makaniken ƙauye ya san cikinta, ya cika kuɗi ya sayo 'yar Kwatano mai ƙwaƙwalwar lantarki, ranar da fitila ta kama a gaban direba a tsakanin Takanamat da Tebaram ba mai iya ce mata komai sai an jawo ta birni an jona mata kwamfuta. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Akwai kuma lokacin da ba mai motar ke yanke hukunci ba. Adar ƙasar 'yan ci-rani ce, motoci da yawa da kuɗin Abijan ko Libiya ko Legas aka saye su, kuma gyaransu yana jiran abin da ɗa ko ƙane zai aiko. In aike ya tsaya, mota ta tsaya. In kuma maigida ya rasu, mota ta shiga gado, ita kuwa ba ta rabuwa kamar garken tumaki. Sai a yi mata kuɗi, ɗaya daga cikin magada ya biya sauran ya riƙe, ko a sayar a raba. Sau da yawa ba mai kuɗin biya kuma ba mai son a ce shi ya sayar da motar baba, sai ta shekara biyar a ƙofar gida, tayoyi su sace, kaji su samu wurin ƙwai, darajarta tana raguwa kowace damina.

Sayarwa ga 'yan gwangwan ma ba ita ce ƙarshen aikin mota ba. Kafin a kai gangar sikeli an riga an raba ta. Ganyen sifirin maƙera ke saye, domin ƙarfe ne mai kyau da ke riƙe kaifi, daga shi ake fitar da gatari da wuƙa da sungumi. Gatarin ƙafafun baya da tayoyinsa yakan koma ƙarƙashin amalanken jaki ko na shanu, ya ci gaba da zuwa kasuwar da motar ke zuwa. Tsohuwar taya ta zama takalmi, tsohon tib ya zama wasaki a bakin rijiya, abin da ke na alminiyom a narke a zuba tukunya, kujerun kuma su koma gaban shagon mai shayi. Sauran ƙarfen ne ake aunawa da kilo, a loda a manyan motoci zuwa masana'antun narka ƙarfe. Mai wayo ba ya sayar da ita a dunƙule, kwancewa yake yi ya sayar ɗaya bayan ɗaya, in yana da haƙuri da wurin ajiya.

A ƙasar da ta fito kuwa labarin ya juya. A Faransa motar da ta kai shekara 30 tana iya samun takarda ta musamman a matsayin kayan tarihi, Peugeot ta buɗe gidan adana tsofaffin motocinta a Sochaux tun 1988, kuma 404 mai lafiya, wadda kakanninsu suka yar, yanzu masu sha'awa ke nema da kuɗi mai kauri. Wasu masu tsofaffin motoci a nan sun ji wannan labari a waya, har yakan sa su ƙi tayin dillali. Sai dai abin da mai tara kayan tarihi ke biya shi ne asali: fentin kamfani, kujerun kamfani, injin da lambarsa ta dace da takarda. Bashen da ta yi shekara 40 tana dakon awaki, ƙofarta ta wata mota ce, tankinta jarka ce a kusa da direba, ba ta cikin wannan ciniki, kuma jiran Nasaran da zai zo ya saye ta ɓata lokaci ne.

Shekarar 2023 ta sake dagula lissafin ta fuska biyu masu karo da juna. Ranar 29 ga Mayu Najeriya ta janye tallafin mai, fetur ɗin Najeriya na 'yan ruwa-ruwa da tsofaffin Fijo suka dogara da shi ya yi tsada, ita kuwa 504 ba ta san tsimi ba. Wannan ya tura masu ita wajen sayarwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar kuma aka rufe iyakar Benin, gadar Gaya ta daina wucewa da kaya, har bayan an ɗage takunkumi a Fabrairun 2024 Nijar ba ta buɗe nata ɓangaren ba. Motoci suka koma zagayowa daga Lome ta Burkina Faso, da rakiyar soja da kwanaki a hanya, kuɗinsu ya hau. Wannan kuma ya tura mutane wajen gyara. A arewacin jihar Tawa, inda Tilliya da Tasara ke cikin dokar ta-ɓaci tun 2017, akwai ƙarin dalili: Land Cruiser mai kyau ita 'yan bindiga ke nema, tsohuwar bashe ba ta tsone musu ido.

Abin da ke ƙaranci yanzu hannu ne. Baburan China da Indiya da keken a-daidaita sun ɗauke ƙananan tafiye-tafiye da rabin dakon kasuwa, yaran da ake kaiwa koyon aiki kuma wurin mai gyaran babur suka fi so, inda ake gama aiki cikin awa guda a karɓi kuɗi. Masu daidaita kafireto da kunne sun manyanta, kayan 404 na asali kuma sai daga jikin wata 404. Shi ya sa wasu masu motar suka ɗauki hanya ta uku. In gangar tana da lafiya kuma takardu na nan, sai a sayar da tsohon injin ga mai neman kayan yanka, a sayo injin gazuwal na Toyota daga cikin waɗanda ake shigowa da su a kwance, mai walda ya yanka ya ƙera sabon mazauni, a daidaita giya, a sake lagireto. Kuɗin aikin bai kai na sayen Hilux ba, shan mai ya ragu, kayan gyaran kuma ana samun su a kowane shago daga Tawa har Ƙonni. A shingen jandarma dai katin da direba ke miƙawa har yanzu Peugeot ne a rubuce.